Wa Ya Karanta Insha'in Yaron Nan?

 A wannan fitowa muna so mu kawo gabanku wata magana da ta yi watanni tana yawo a ɗakin malamai na makarantarmu, har ta raba kan mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya. Maganar kuwa ita ce: shin ya dace da amanar malami ya miƙa wa na'ura aikin ɗalibansa ta duba, ta rubuta gyara da nasiha, shi kuma ya sa hannu a ƙasa? Tun da fari mu faɗa muku mu ba masu ba da fatawa ba ne. Ƙananan malaman Larabci ne a wata sakandaren Islamiyya a nan Kumasi, waɗanda ba su daɗe da tashi daga bencin ɗalibai ba. Abin da ya sa muka ga ya kamata ku ji kuwa, littattafan da ake gardama a kansu naku ne, ko na ƙannenku.

Bari mu fara da nauyin da ke kan malami, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da gwamnati ta soma karatun sakandare kyauta a watan Satumba na 2017 ɗalibai suka yi ambaliya, har a 2018 aka raba ɗaliban wasu makarantu gida biyu, waɗannan suna aji waɗancan suna hutu. Wannan alheri ne babba ga zango, don kuwa 'ya'yan masu koko da ƙosai da 'ya'yan mahauta waɗanda a da kuɗin makaranta yake tare su a bakin ƙofa, yau ga su a aji. Sai dai malami bai tsiro da hannu na uku ba. Wanda yake da aji shida, kowane aji mutum 50, idan ya ba da insha'i ɗaya littattafai 300 ne za su taru a kan teburinsa. Ko minti biyar ya ba kowane littafi, awa 25 ke nan, ban da koyarwa, ban da shirya darasi, ban da makarantar yamma ta unguwa wadda yawancinmu muke riƙe da ita.

To, da can yaya muke yi? Da yawa daga cikinmu mukan ja alamar daidai da jan biro, mu rubuta kalmar Turancin nan mai haruffa huɗu wadda ma'anarta “an gani”, mu sa kwanan wata, mu jawo na gaba. Babu wanda bai taɓa karɓar littafinsa da wannan kalma ba a cikinku, kuma kowa ya san ba a gani ba. Wani tarin littattafan sai ya yi wata guda yana shan ƙura, ranar da zai koma hannun masu shi yaro ya manta ma abin da ya rubuta. Mun kawo wannan ne don kada wani ya zaci kafin zuwan na'ura muna zaune cikin zamanin waliyyai.

Shi tunanin a sa kwamfuta ta duba insha'i ya girme mu duka. Tun a 1966 wani malami a Amurka mai suna Ellis Page ya fito da shi, kuma a 1999 hukumar jarrabawa ta ETS ta soma amfani da irin wannan manhaja wajen ba da maki. Waɗancan na farko ƙidaya suka fi iyawa: tsawon rubutu, tsawon jumla, manyan kalmomi. Har a 2014 Les Perelman, wanda ya daɗe yana koyar da rubutu a jami'ar MIT, shi da wasu ɗalibai suka ƙera wata manhaja mai zubo surutun da ba shi da kai ba shi da gindi, kuma na'urorin duba insha'i suka riƙa ba surutun nan maki mai tsoka. Abin da ya zo daga ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, ya sha bamban da waɗancan. Ita wannan ƙirƙirarriyar basira an ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ta ƙware wajen sanin kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan 'yar'uwarta. Ka ɗauki hoton shafin ɗalibi da waya ka tura mata, kafin shayinka ya huce ta jero maka kurakuran nahawu da na sarfu, ta yabi abin yabo, ta ba da shawara cikin Larabci mai santsi wanda, mu faɗi gaskiya, wani lokaci ya fi namu.

Wani abokin aikinmu, wanda shi ne kan gaba wajen goyon bayan abin, hujjarsa ba ta wasa ba ce, kuma ba za mu rage mata ƙarfi ba. Cewa yake gyaran da ya zo bayan wata guda gawa ce, wanda ya zo washegari shi ne mai rai. Yana kuma kawo binciken da Ruth Butler ta buga a 1988, inda yaran da aka rubuta wa bayani a kan aikinsu suka ƙara ƙoƙari a aiki na gaba, waɗanda aka ba maki kuwa, ko da an haɗa musu da bayanin, ba su ci gaba kamar haka ba. Ashe ke nan, in ji shi, bayanin nan shi ne ran gyara, kuma shi ne ainihin abin da muka kasa ba yara 300. Na'ura ba ta gajiya, littafi na hamsin yana samun irin kulawar da na farko ya samu, ba ta san ɗan mai unguwa ba, ba ta riƙe yaro a zuci don ya yi mata rashin kunya jiya. Ya kan rufe da tambaya: wa ya taɓa cewa malamin da ya buɗe ƙamus ya ci amana?

Mu ma mun karkata ga wannan magana, har ranar da wani abu ya faru da ɗaya daga cikinmu. Ba za mu faɗi ko wane ne ba, mai karatu yana iya yin nasa zaton.

Ya ba 'yan aji biyu insha'i a kan “ranar da ba zan manta da ita ba”. Mako ne na matsi, ga jarrabawar gwaji ta 'yan ajin ƙarshe, ga taron suna a gida. Sai ya ɗauki hoton littattafan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya tsaya karantawa ba, na'ura ta rubuta wa kowane yaro bayaninsa, ya kai shagon buga takardu aka buga, ya yayyanka, ya sa hannu a kan kowace, ya manna. Kwana biyu littattafai suka koma, yara suna ta mamaki. Bayan sallar Azahar sai wani yaro ɗan Aboabo, shiru-shiru, wanda ya yi suna wajen makara, ya same shi a baranda ya rusuna ya ce, “Ustaz, Mma ya ce in gode maka. Na fassara masa addu'an da ka rubuta, ya yi kuka.” Malam ya ce madalla, Allah Ya yi albarka, alhali bai san wace addu'a ake nufi ba. Da yaron ya tafi ya koma ya nemo hoton shafin a wayarsa. Ashe ranar da yaron ba zai manta ba ita ce ranar da mahaifiyarsa, mai sayar da wake da shinkafa, ta yanke jiki ta faɗi a gaban tukunya, ɓarin jikinta ya shanye. Tun daga ranar shi da yayarsa suke tashi ƙarfe uku na dare su ɗora girki, sai ya kai kaya bakin titi sannan ya kamo hanyar makaranta. Na'ura ta gyara masa kurakurai bakwai, sannan ta rubuta masa cewa shi ɗa ne mai biyayya, ta roƙa wa mahaifiyarsa sauƙi. A ƙasan wannan ga sa hannun malam. Kuma a cikin makon nan ne wannan malamin ya sa yaron tsintar shara a filin makaranta saboda makara.

A nan ne muka ga abin da hujjar ƙamus ta tsallake. Rubutun jan biro a ƙasan aikin ɗalibi abu biyu yake ɗauke da su. Akwai labari a kan rubutun kansa: nan fa'ili ne sai a yi masa rufu'a, nan ka tsallake hamza. Wannan kam ko daga bakin wa ya fito, idan daidai ne daidai ne, kuma na'ura tana iya faɗinsa kamar yadda ƙamus yake iya faɗin ma'anar kalma. Amma akwai na biyu wanda ba a rubuta shi da haruffa, yaro ne yake karanta shi daga sa hannun, wato: ni malaminka na karanta abin da ka rubuta, kuma ga abin da na gani. Wannan shaida ce. Kowace kalma a takardar yaron nan gaskiya ce, shi ɗa ne mai biyayya, kurakuransa bakwai ne. Ƙaryar tana wurin sa hannun, domin ya shaida abin da bai faru ba.

Wani zai ce ai tun da can ana rubuta wa mutane wasiƙa, kuma ba wanda ya kira ta ƙarya. Haka ne, kuma mu mutanen zango mun fi kowa sanin wannan. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga kuma ya rasu a Kete-Krachi a 1934, har littafi ya wallafa a kan ilimin rubuta wasiƙa, Sarhatul Wariƙa, saboda malamai su ne alƙalamin fatake da sarakuna a lokacin. Kakanninmu masu fataucin goro sukan zauna gaban malam su faɗi abin da ke ransu, shi kuma ya tufatar da maganar da Larabci ko ajami. Amma ku lura da yadda abin yake tafiya. Mai wasiƙa ya san wanda yake aika wa, shi ya kawo maganar, kuma kafin a naɗe takarda sai an karanta masa ya ce e, haka nake nufi. Da wannan “e” ɗin ne kalmomin malam suke zama nasa. Abokinmu bai kawo maganar ba, bai ji an karanta masa ba, bai ma san abin da ake amsawa ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe abin da yake karɓar wakilci da wanda ba ya karɓa. Kana iya wakilta wani ya saya maka, ya sayar maka, ya karɓa maka aure. Ba ka iya wakilta wani ya yi maka salla, ko ya rantse a madadinka. Ba muna cewa duba littafi ibada ce irin salla ba, aron ma'aunin kawai muka yi. A cikin aikin gyara akwai ɓangaren da kowa zai iya yi maka, akwai kuma ɓangaren da darajarsa duka tana ga cewa kai ne ka yi. Ko a makarantar allo manyan ɗalibai suna biya wa ƙanana, malam ba ya iya zagaya kowane allo. Sai dai yaro ya san yayansa ne ya biya masa, ba a taɓa ce masa malam ne ba, kuma shi babban ɗalibin idan ya ga yaro yana kuka zai je ya faɗa wa malam.

Abokin aikin namu bai sallama ba. Ya ce to wa aka cuta? Uwa ta ji daɗi, yaro ya ji daɗi, addu'a kuwa an karanta ta an ce amin. Wannan tambaya ta tsaya mana a wuya kwanaki. Abin da muka iya gani shi ne, yaron bai rubuta labarin nan don a gyara masa hamza ba. Watanni yana shan horo bai buɗe baki ba, sai ya sami hanyar da kunya ba za ta hana shi ba, ya faɗa a rubuce cikin harshen da abokansa ba za su tsaya karantawa ba. Da amsa ta zo sai ya sakankance cewa yanzu akwai babba ɗaya a makarantar nan da ya san halin da yake ciki. Alhali babu. Da bai zo godiya ba, da ranar Litinin an sake ba shi tsintsiya, kuma da ya ɗauka malam ya sani sarai ya hore shi duk da haka. Ku auna abin da wannan zai koya wa yaro ɗan shekara goma sha shida game da addu'ar manya.

Akwai kuma asarar da take komawa kan malamin kansa, wadda ba a ganinta nan take. Ku koma kan maganar yaron: “Mma ya ce.” Haka muke magana a zango, Hausarmu ta Gana ba ta raba namiji da mace kamar ta Kano da Sakkwato. Saboda haka idan yaronmu ya rubuta “zahaba Fatimatu” maimakon “zahabat”, harshen gidansu ne ya biyo shi cikin Larabci. Haka nan bakinmu ba ya raba “k” da “ƙ”, shi ya sa duk shekara sai an sami mai son ya rubuta “ƙalbi”, zuciyata, ya ɓuge da “kalbi”, karena, wani lokacin ma a cikin yabon mahaifiyarsa. Na'ura takan kama waɗannan, ta gyara wa yara talatin sau talatin, kowa a takardarsa. Malamin da ya bi littattafan da idonsa kuwa, kafin ya kai na goma ya gane cewa ciwo ɗaya ne, gobe ya shiga aji ya ajiye darasin da ya shirya ya ce ku zo mu yi magana a kan Fati da Ali. Daɗin daɗawa, mun ga ta yi tuntuɓe a rubutun yaran da suka fito daga makarantar allo, waɗanda suke ɗiga wa fa'un ɗigo a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama kamar yadda yake a rubutunmu na gargajiya. Sai ta karanta ƙafun a matsayin fa'un, ta “gyara” abin da yake daidai, kuma da cikakken ƙarfin hali. Wanda bai karanta ba ba zai kama ta ba. Matashin malami irinmu, da jan biron nan yake koyon sana'arsa. Idan ya sallama shi tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba mu san da me zai san ɗalibai ba idan ya kai arba'in.

Sannan ga wata da ta shafe ku kai tsaye, ya 'yan'uwa ɗalibai, kada ku ce mun manta da ku. Mun san wasunku da wannan na'urar suke rubuta aikin gida, mukan gane ne idan yaron da bai iya raba mubtada'i da khabari ba ya wayi gari yana zuba saja'i. Mukan yi faɗa, mu ce wannan ha'inci ne, ka kawo abin da ba naka ba ka sa sunanka. To idan mu ma muka juya muka ba na'ura ta amsa, muka sa sunanmu, me ya rage a tsakani? Na'ura ta rubuta, na'ura ta duba, yaro da malam sun zama 'yan aike masu kai takarda da komowa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma wannan karon namu muka taka.

Ba za mu wuce ba mu taɓa maganar sirri ba. Ciwon matar nan, da sunan ɗanta da ke saman shafi, sun bar wayar malam sun tafi kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, ba a tambaye ta ba, ba a tambayi yaron ba. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, doka mai lamba 843, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta fitar da jagora a kan amfani da irin wannan fasaha a makarantu, inda ta ja kunne a kan bayanan yara. Amma ko ba doka, tarbiyyar zango ta ishe mu sanin cewa abin da yaro ya faɗa maka na cikin gidansu ba a kai shi kasuwa.

Ba mu jefar da na'urar ba, kuma ba ma kiran kowa ya jefar. Abin da muka tsayar a tsakaninmu, mu malaman Larabci, shi ne ido kafin waya: kowane littafi sai malam ya karanta shi tukuna, ko da a gurguje ne. Aikin nahawu tsantsa, irin su cike gurbi da i'irabin jumloli, muna neman taimakonta bayan an rufe sunan yaro, kuma mun gaya wa ɗalibai a fili, gyaranta yana zuwa a bugacciyar takarda ba sa hannu, namu da jan biro. Insha'in da yaro zai faɗi wani abu na rayuwarsa ba ya shiga waya sam. Maki kuwa ba mu ma yi gardama a kansa ba, don mun tuna abin da ya faru a Ingila a 2020, lokacin da korona ta hana jarrabawa aka bar wa lissafin kwamfuta daidaita sakamako, ya rage kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar, ɗalibai suka fito kan titi, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye. Farashin wannan tsari namu shi ne mun rage yawan insha'in da muke bayarwa, mun kuma rage tsawonsa, kuma littattafai ba sa komawa cikin kwana biyu.

Abokin namu har yanzu yana cewa wannan tsari na masu aji uku ne, shi da yake da ɗalibai sun haura 300 zaɓinsa tsakanin na'ura ne da “an gani”, kuma a cikin ƙarya biyu gara wadda yaro zai ƙaru da ita. Mun ce masa akwai hanya ta uku, ya bar takardar na'ura ta tafi da sunanta. Ya ce idan yara suka san na'ura ce ba za su karanta ba. Wataƙila yana da gaskiya. Amma idan haka ne, shi da bakinsa ya faɗi abin da yara suke nema a ƙasan shafi, da kuma dalilin da ya sa yake son sa hannunsa ya zauna a wurin.

Shi kuwa malamin da abin ya faru da shi, bayan kwana uku ya kira yaron ya gaya masa gaskiya: ranar da ka zo godiya ban karanta ba tukuna, addu'ar nan ba ni na rubuta ba, amma yanzu na karanta, kuma ina neman afuwa a kan tsintar shara. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, Ustaz. Ranar Asabar malam ya sayi lemu ya tafi Aboabo dubiya, ya yi wa matar addu'a da bakinsa, ya kuma yi magana da shugaban makaranta aka ɗaga wa yaron ƙafa a kan makara. Da aka ba da insha'i na gaba, aka ce kowa ya zaɓi abin da yake so, malam ya fara neman littafin yaron a cikin tarin. Ya rubuta layi goma a kan amfanin ruwan sama ga manoma, kuskurensa biyu kacal.